A Tambayi Mai Karatu

Ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba, har yau ɗin nan. Haka muka taso muka tarar a gidanmu na Birchi, ƙasar Kurfi. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a ma cika haɗa ido da shi ba. Da ƙuruciyata na haife ta, ana yaye ta kuma mahaifiyata ta zo Dutsin-Ma inda nake aure ta goya ta suka tafi. A can ta yi firamare da ƙaramar sakandare. Mahaifiyata take ce wa Inna. Ni kuwa Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna kirana.

Da za ta shiga babbar sakandare aka dawo mana da ita cikin gari. Sai na wayi gari ga budurwa a tsakar gidana, ta kusa kamo ni tsawo, ni kuma ban san ta inda ake fara yi mata magana ba. Na koma ga abin da na iya. In ta shigo daga makaranta sai in ce, "An dawo?" ina kallon tukunya. In abinci ya sauka in ce, "A zo a ɗauka." Ita kuma ta ce, "To, Yaya." Hirarmu ba ta wuce nan.

A zuci kuwa ba abin da ke wuce ni. Daga yadda take turo ƙyauren gida nake sanin ko an yaba mata a aji. In ta ajiye jaka a hankali kamar mai ajiye ƙwai, na san ranar ba daɗi. Ni mutum ce mai fargaba tun asali. In yaro ya yi tari sau ɗaya, ni har na hango gadon asibiti.

Lauya take son zama. Babanta, wanda ke noman rani a bakin dam, ya faɗi tasa tun da wuri, kuma ba da mugunta ya faɗa ba. Ya ce, "Sau ɗaya za ta zauna jarrabawar nan ta gama sakandare. In ta ci, ga jami'a nan a bakin gari, zan tsaya mata. In ba ta ci ba, ga keken ɗinki can wurin gwaggonta a Kurfi, shi ma sana'a ce." Ni ma na san ɗinki sana'a ce. Amma na ga yadda yarinyar ta sunkuyar da kai, ta yi ta murza bakin hijabinta. An kuma ce karatun lauya ba ya yiwuwa sai mutum ya ci adabin Turanci da kyau.

Malamar da ke koya musu wannan darasi maƙwabciyarmu ce, Kirista ce daga kudu, tana haya a bayan layinmu. Ta daɗe a garin, Hausa ta zauna a bakinta, sai dai wasu al'adun ba su zauna ba. Ina sana'ar awara, ita kuma tana son mai zafi. Wata la'asar ta yi sallama, tun daga zaure ta ɗaga murya ta kira ni maman wance, ta ambaci sunan ɓaro-ɓaro. Na yi kamar ban ji ba, na ce, "Malama, sannu da zuwa, ga kujera."

Tana jiran a kwashe daga mai ta ce, "Yarinyarki akwai kai. Littattafan da aka ce su karanta, ta haddace su kamar karatun allo. Wuri ɗaya ne take faɗuwa, kuma wurin zai iya ja ta ƙasa."

Na ce, "Wane wuri, Malama?"

Ta ce a jarrabawar akan kawo waƙa, ko guntun labari, wanda ɗalibi bai taɓa gani ba. Ba a cikin littafinsu yake ba, ba wanda ya koya musu shi. Sai a tambaya: mai maganar nan murna yake ko baƙin ciki, yabo yake ko ba'a? A jera amsoshi, a ce zaɓi ɗaya. "Ita abin da kalma ta ce shi take ɗauka. In an rubuta na gode, ta ce godiya ce, ko da mutumin yana cizon haƙora ya faɗa. A gwajin da muka yi, kusan duk ta zubar da makin wurin. Yanzu cewa take canki-canka za ta yi, abin da Allah ya ba ta shi ke nan."

Na ce, "To ni me zan iya? Aji huɗu na tsaya. Turancina bai wuce na jikin kwalin magani ba."

Ta ce, "Ba Turanci nake nema wurinki ba. Ta karanta, ta juya miki da Hausa, ke kuma ki dame ta da tambaya. Wa ke magana? Da wa yake? Me ke cin sa? In ta ba ki amsa, ki ce ta nuna miki inda ta gani. Yara sun yi mini yawa a aji, ba na iya zama da kowa ɗaya-ɗaya."

"In zauna da ita? Gaba da gaba?"

Ta yi dariya. "Ba 'yarki ba ce?"

Na ce, "Ai shi ya sa."

Ba ta gane ba, ta karɓi awararta ta tafi. Ni kuwa na kwana biyu ina neman ta inda zan fara. In na tuna keken ɗinki sai in miƙe zan kira ta. In na zo bakin ƙofarta sai kunya ta riƙe mini ƙafa, in wuce kamar tsintsiya na zo nema.

Ranar da na samu dabara, ina tace markaɗen waken suya ne bayan la'asar. Babanta na gona, ƙannenta sun tafi Islamiyya, tana ɗaki. Na juya wa ƙofarta baya, na dubi roba na ce, "An ce akwai wata baƙuwar waƙa da Malama ta bayar. Da za a karanta da ƙarfi, da masu aiki ma sun ji."

Har na fara jin haushin bakina. Can sai na ji motsin labule, ta fito ta kifa turmi a bayana ta zauna.

Ta karanta da Turanci, ban tsinci komai ba sai sautin. Sannan ta juya mini layi-layi. Wani mutum ne yake faɗin aibin garinsu. Hanyoyin ƙunci ne da su, in an yi ruwa taɓo har gwiwa. Rijiyar garin ruwanta ja ne, gefenta na gabas kuma santsi gare shi, ya taɓa kayar da shi. Karnukan garin ba sa barin mutum ya yi barci. Akwai wata tsohuwa mai tuya da ke ƙona ƙosai kullum, hayaƙin ya cika unguwa.

Ta ce, "Tambayar ita ce me yake ji game da garin. An jera ƙiyayya, tsoro, kewa, raini. Ni ƙiyayya na zaɓa. Ai ga shi nan, ba abin kirki ko ɗaya da ya faɗa."

Na ci gaba da matsa ƙyallen tata. Na ce, "A tambayi mai karatu, shi mutumin nan yana cikin garin ne ko ya bar shi?"

Sai na ji ta ƙyalƙyale. Ban taɓa jin dariyarta kusa haka ba. Ta ce, "Wa za a tambaya, Yaya? Mu biyu ne fa a gidan."

"A dai tambaya."

Ta duba takarda. "Bai faɗa ba. Amma can yake ta cewa. Can garinmu, can rijiyar."

"To ya yi nisa ke nan. A sake tambaya, mutum ya tsani gari, ya bar shi, sai ya zauna yana tuna wane gefen rijiya ne ya fi santsi? Ni garin da na taɓa zuwa na tsana, ko launin ƙofar gidan da muka sauka ban riƙe ba. Amma Birchi, a tashe ni daga barci in faɗi inda kowace ƙaya take a hanyar rafi."

Na saci kallonta ta gefen ido, na ga leɓenta na motsi, tana sake bin layukan da yatsa. Ta ce a hankali, "Har ƙosan da ya ƙone yana jin ƙamshinsa."

Washegari ƙyauren gida ya bugu da bango. Tun kafin in ce an dawo ta ce, "Yaya, kewa ce! Malama ta ce kewa ce!" Na ce, "To, madalla. A cire kayan makaranta." Ranar na soya awara har da waƙa a hanci.

Murnar ba ta daɗe ba. Yarinya ta ɗauka ta gano sirrin duniya: duk abin da aka faɗa, akasinsa ake nufi. Malama ta ba su guntun labari na wani makiyayi da aka toshe masa burtali, yana faɗin abin da mai gonar ya yi masa, ransa a ɓace ƙwarai. Ita kuwa ta zaɓi cewa ƙauna ce a ɓoye. Ta sake faɗuwa, har wasu a ajin suka yi mata dariya. Ta dawo ta ajiye jaka kamar ƙwai.

Ta tsaya a bayana ta ce, "Ke kika ce in an yi zagi so ne."

"Ni ban ce ba."

"To ta yaya mutum zai sani? Wannan zagi so ne, wancan zagi zagi ne. Gara in yi cankena." Ta shige ɗaki ta saki labule.

Na ce shi ke nan, na ɓata abin da ban iya gyarawa ba. Na yafa mayafi na tafi gidan Malama, hannuna ko wankewa ban yi ba. Ta saurare ni tana gugar kayanta. Ta ce, "Ba ki ɓata komai ba. Da a bakin ƙofa take tsaye, yanzu ta shiga da gudu ta fice ta baya. Abin da ya rage ta koyi tsayawa a tsakiya ta duba. Hujja za ta nema, ba dabara ba." Na dawo gida da kalmar hujja a bakina, ban san inda zan samo ta ba.

A makon ne ƙanwata ta haihu a Birchi, muka tafi suna ni da ita. Mota zuwa Kurfi, daga nan babur. Muna shiga gida mahaifiyata na zaune a kan tabarma cikin mata, ta ɗago ta hango jikarta.

Ta ce, "Wa nike gani haka kamar sillen kara? Ke mummuna, boko ya tsotse ki ya yar. Mi kika zo yi? Mu nan ba mu da abincin 'yan birni."

Yarinyar ta ce, "Tsohuwa, ashe har yanzu kina nan? Ni da na zo ganin akuyar da za ki bar mini."

"Akuya? Ko kaza ba ki samu, mai ƙafa kamar muciya!"

Tana faɗin haka tana gyara zama, ta ture wata jikar gefe, ta buɗe mata wuri a tabarma daidai cinyarta. Hannunta kuma ya shiga ƙarƙashin zane ya fito da ƙullin dakuwa, ta cusa mata a tafi ba tare da ta kalla ba.

Can an jima wata 'yar uwar babanmu ta iso, mace mai zaƙin baki. Ta tafa hannu ta ce, "A'a, lauyarmu ce! Sannu 'yar boko, sannu da ƙoƙari. Allah dai ya sa a ci. Mu namu ɗiyan ai ba su da kai irin naku." Yarinyar ta durƙusa ta ce na gode. Na ga kuma dakuwar da ta kai baki ta fasa ci, ta riƙe a hannu.

A hanyar dawowa, a motar Kurfi, an matse mu a baya ni da ita da buhun gero. Ba inda zan juya mata baya. Sai na dubi taga, na ce, "A tambayi mai karatu, yau a gidan can wa ya zagi mutum?"

Ta ce, "Ba Inna ba dai."

"Ta ce mummuna. Ta ce ƙafa kamar muciya. Da kunnena na ji."

"Tana faɗa tana matsa mini tabarma."

"Waccan fa? Ai sannu ta ce, har da addu'a."

Ta ɗan yi tunani. "Da ta ce lauyarmu ba ni ta kalla ba, matan gefe ta kalla. Kuma wannan dai ɗin. Allah ya sa a ci daban, Allah dai ya sa a ci daban." Ta kwaikwayi muryar matar sak, har wani dattijo a gabanmu ya waiwayo yana murmushi.

Sai kuma ta ce, "Amma Yaya, waƙa ba ta da hannu, ba ta da ido. Ba tabarmar da za ta matsa mini."

Muka wuce gonaki, muka wuce wani garken shanu, ina ta jujjuya abin a raina. Har mun fara hango duwatsun gari sai ta dafa buhun geron ta ce, ba da ni take ba, da kanta take, "Tana da shi. Mutumin rijiya ya daɗe a kan ƙosai, ya yi ta juya shi kamar ba ya son ya bari. Tabarmarsa ke nan. Makiyayin nan kuwa maganarsa gajejjeru ce, kamar yana sara. Bai tsaya a kan komai na mai gonar ba sai shingen." Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. Na yi sauri na ce wa yaron mota a sauke mu a kwana.

Daga ranar la'asar ta zama tamu. Malama ta riƙa ba ta baƙin waƙoƙi da guntayen labarai, wasu daga tsofaffin takardun jarrabawa. Ni ina tata ko ina yanka awara, ita tana kan turmi a bayana. Wata waƙar ta ruwan sama ce, wata ta mutuwa, wata kuma har muka gama ban san inda ta dosa ba, na ce a kai wa Malama kayanta. Tambayoyina ba su canza ba. Wa ke magana, da wa yake, ina tabarmar. In ta ce baƙin ciki ne sai in ce, "A nuna wa masu aiki inda aka gani." Ta karanto layin, ta faɗi kalmar da aka maimaita, ko wadda aka sa a inda ba a zata ba. Wani lokacin mu yi musu, ta kai wa Malama, a dawo a ce ita ce da gaskiya. Ranar da aka fara cewa haka na fi kowa jin daɗi, ko da yake cewa na yi, "To, a bar cika baki."

Ranar jarrabawar adabi na ƙona awara kasko guda. Mai saye ya yi sallama na ba shi yaji babu awarar. Kunnena na kan ƙyaure tun hantsi. Da azahar ta wuce na ji an turo shi, ba da ƙarfi ba, ba kuma a hankali ba. Wannan turin ban san shi ba.

Na ce, "An dawo?"

Ta ce, "An dawo." Ta sha ruwa, ta jawo turmi da kanta. "Waƙar ta wani tsohon masunci ce da kwalekwalensa. Ya ce ruɓaɓɓe ne, malalaci, mai shan ruwa kamar raƙumi. Amma duk baitin da ya zage shi, a ƙarshe yana toshe masa wata ɓaraka. Na ce wannan Inna ce. Guntun labarin kuma wani ne ke yabon shugabansu, yabo har ya yi yawa. Na ce wannan mai cewa lauyarmu ce."

"A tabbata dai?"

"Yaya, kin ce dai."

Na kama bakina.

Jiran sakamako ya fi jarrabawar wuya. Damina ta shigo ta yi nisa. Duk lokacin da babanta ya ce zai je Kurfi sai in ce maganar keke zai yi da gwaggonta. Na rame har mahaifiyata ta aiko tana tambaya ko wani cikin ne.

Wata safiya ina shanya wake na ji muryar Malama tun daga bakin layi. Maman wance take kira, tana maimaitawa, duk unguwa na ji. Ta faɗo gidan ko sallama ba ta gama ba, waya a hannu, yarinyar na bayanta tana haki. Babanta na zaure yana ɗaure buhunan taki a babur, ya biyo su.

Malama ta ce, "Ta ci! Duka ta ci! Adabi kuwa, a ajina kaf ba wanda ya kamo ta!"

Babanta ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. To, jami'a ke nan. Na faɗa, kuma ban janye ba." Ya fita da sauri wai zai samo kifi a bakin dam, ya bar takin a zaure.

Suka juyo suna kallona su biyu. Na dubi ƙasa na ce, "To. A ɗauko tsintsiya, tsakar gidan nan ta yi datti."

Malama ta saki baki. "Haba, maman yara! Abin da za ki ce ke nan? Yarinya ta yi irin wannan ƙoƙari?"

Sai yarinyar ta ɗaga hannu kamar a aji. Ta ce, "Malama, a bar mini wannan tambayar." Ta gyara tsayuwa. "Mai magana ta ce a yi shara. Amma tsakar gidan ita ta share ta da kanta da safe, ga shatin tsintsiya nan. Tun da kika shigo take zuba waken da ta shanya a cikin tulun ruwan sha, ba ta sani ba. Kuma tun da na dawo gidan nan, kullum awarar da ta fi soyuwa a ƙasan kwanona nake samunta, an rufe da shinkafa. Ba ƙiyayya ba ce, ba raini ba ne."

Na dubi hannuna. Wake ne, ga bakin tulu.

Malama ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Maki cikakke!"

Ban tsaya ba. Na zagaya bayan ɗaki inda awaki suke, na dafa bango, na ce bari in yi a hankali yadda ba mai ji. Guɗar da ta fito ban san ina da irinta ba. Awaki suka watse, kaji suka haye katanga. Na sake yin wata, ta fi ta farko.

Kafin in fito tsakar gida ta cika da maƙwabta, wasu da ludayi a hannu, wata da kumfar sabulu har gwiwar hannu. Suna ta tambaya, lafiya, wa ya haihu, auren wa aka sa?

Na gyara ɗaurin ɗankwalina, na nuna turmi da haɓa, na ce, "A tambayi mai karatu."